Likitan Saniya Na Da Rajista, Mai Riƙon Maraya Fa?

Ya ku 'yan'uwanmu 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi, akwai wata doka da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Disamba na shekarar 2022, wadda ba ta sami shiga hirarmu ta zango da tasha ba, alhali kuwa ta shafe mu fiye da dokoki da yawa da muke ɓata yawu a kansu. Ita ce dokar kafa Hukumar Kula da Aikin Jin Daɗin Jama'a ta Nijeriya. Nufinta shi ne a tsara wannan sana'a kamar yadda aka tsara aikin likita da na lauya: a san irin ilmin da mutum zai yi kafin ya shige ta, a rubuta sunansa cikin rajista, in kuwa ya ci amana a hore shi. Ra'ayin wannan shafi shi ne dokar ta zama tilas, kuma babu garin da ya fi Yerwa bukatarta a duk faɗin ƙasar nan. Amma fa in muka yi barci, wasu 'yan tsiraru za su mai da ita rumfar sayar da takardu, talakan da aka yi ta dominsa ya tashi a tutar babu.

Bari mu fara da bayyana ko wane ne wannan ma'aikaci, domin da yawa daga cikinmu in an ce jin daɗin jama'a, sai su ɗauka mai rabon shinkafa da bargo ake nufi. Aikin ya wuce nan nesa. Shi ne wanda in an tsinci jariri a kwararo ake miƙa masa, shi zai ce a kai shi gidan marayu ko a ba wata mata riƙo. Shi ne wanda in an kama yaro da sata zai bi sawun gidansu, ya rubuta wa alƙali rahoto, da wannan rahoto kuwa ake dubawa a ce a mai da yaro hannun iyayensa ko a kai shi gidan horon yara. Shi ne wanda yarinyar da aka yi wa fyaɗe za ta gaya wa abin da ba ta iya gaya wa uwarta ba. A asibiti shi ke binciken wanda ya gaza biyan kuɗin magani, a sansanin 'yan gudun hijira kuwa alƙalaminsa ke raba mai shiga lissafin abinci da wanda zai kwana da yunwa. Watau mutum ne da aka danƙa wa asirin raunana da makomarsu, a daidai lokacin da ba su da bakin cewa a'a. To, jama'a, irin wannan iko ne za a bar wa duk wanda ya ɗinka riga mai tambari ya rataya kati a wuya?

SANIYA TA RIGA MARAYA

Ku da kuke harkar shanu a Agege da Lokpanta kun sani sarai ba kowa ke kiran kansa likitan dabbobi ba. Tun shekarar 1969 Gwamnatin Soja ta yi dokar da ta tsara wannan aiki. Likitocin mutane suna da tasu tun 1963, injiniyoyi tun 1970, nas-nas da ungozoma aka haɗa musu hukuma ɗaya a 1979, malaman makaranta kuma suka sami tasu a 1993. Mai riƙon maraya kaɗai aka mance da shi. Ba kuwa don aikin sabo ne ba. Tun 1941 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani jami'i mai suna Donald Faulkner Ikko domin kula da yaran da ke gararamba a titi, a 1943 aka yi dokar yara da matasa, Jihar Arewa kuma ta yi irin tata a 1958. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fito da doka mai lamba 12 ta shekarar 1974 a kan raya jin daɗin jama'a, sa'an nan a 1975 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Daga kafa ƙungiyar zuwa samun doka shekara 47 cur! Yaron da aka tsinta a bakin kasuwa a shekarar da aka kafa ta ya girma, ya yi furfura, wataƙila ma ya aurar da 'ya, kafin hukuma ta ga ya kamata a tambayi wanda ya riƙe shi ko ya san aikinsa. Dalilin wannan jinkiri ba ɓoyayye ba ne. Saniya tana da ubangiji mai kuɗi wanda zai bi kadinta har gaban hukuma. Maraya ba ya zaɓe, ba ya da ɗan'uwa a majalisa, kukansa kuwa ba ya wuce ƙofar ɗaki.

ABIN DA YERWA TA GANI

Wanda ke son ya ga sakamakon wannan sakaci, sai ya dubi Maiduguri. Tun daga rikicin Yulin 2009 garin bai huta ba. Da Gwoza da Bama suka faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014, Baga da Monguno kuma a farkon 2015, sai mutane suka yi ta kwararowa Yerwa da ƙafa da bayan manyan motoci, har aka ƙiyasta cewa yawan jama'ar garin ya ninka. Waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a Arewa maso Gabas sun haura miliyan 2. Gwamnan Barno na wancan lokaci, Kashim Shettima, ya sha faɗa cewa lissafin gwamnati ya nuna marayu fiye da 50,000 da matan da aka kashe wa maza su ma fiye da 50,000. Ba a taɓa tara raunana masu yawan haka a gari ɗaya ba a ƙasar nan tun bayan yaƙin basasa. Duk inda aka tara raunana kuwa, mutum biyu ke zuwa: mai tausayi da mai neman abin kai wa baka. Masifar ita ce a lokacin babu wata takarda ko wata hukuma da za ta raba wannan da wancan.

Ga abin da ya biyo baya. A watan Yunin 2016 ƙungiyar likitoci ta MSF ta shiga sansanin Bama mai mutum kimanin 24,000, ta ba da labarin cewa kusan mutum 200 sun mutu cikin wata guda, galibi saboda yunwa da gudawa. A watan Oktoba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta fito da bayanin mata da 'yan mata 43 daga sansanoni bakwai na cikin Maiduguri, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yaudare su da abinci da alkawarin aure, masu aikata wannan ta'asa kuwa har da shugabannin sansani da 'yan banga da 'yan sanda da sojoji, watau waɗanda aka ɗora wa tsaronsu. A 2017 wata kotu a Maiduguri ta ɗaure wasu jami'an ƙaramar hukumar Mafa biyu saboda sayar da shinkafar agaji. A watan Yunin wannan shekara kuma ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa, Yemi Osinbajo, ya faɗa da bakinsa cewa a da in aka tura mota 100 ta hatsi zuwa Arewa maso Gabas, kamar 50 ba sa isa inda aka nufa. An ba kura ajiyar nama, sa'an nan aka zo ana mamakin ganin ƙashi.

Wani zai ce ai yawancin waɗannan ɓarayi da fasiƙai ba ma'aikatan jin daɗin jama'a ba ne, me dokar za ta yi musu? Gaskiya ne, kuma nan ne ma hujjarmu ta fi ƙarfi. Sun ci karensu ba babbaka ne domin babu wani ƙwararre a sansanin da aikinsa shi ne ya saurari yarinyar, ya rubuta abin da ya faru, ya kai gaba, wanda kuma ya san cewa in ya yi shiru sunansa zai fita daga rajista, abincinsa ya ƙare. Amfanin rajista ke nan. Tana ba mai gaskiya ƙafar tsayawa gaban shugaban sansani ya ce aikina ya hana ni rufe wannan magana, tana kuma hana wanda aka kora daga ƙungiya ɗaya saboda lalata ya tsallaka titi ya kama aiki a wata. Ba Nijeriya kaɗai ta ga irin wannan ba. Tun 2002 aka tona yadda wasu ma'aikatan agaji ke sayen mutuncin 'yan mata da abinci a sansanonin Gini da Laberiya da Saliyo. A Ingila, tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a in ba ya cikin rajista. Afirka ta Kudu tana da dokarta tun 1978. Mu ne muka makara.

MASU CEWA AIKIN ALLAH BA YA SON LASIN

Akwai dattawa na kirki da suka ji labarin dokar suka ɓata rai, suka ce tun yaushe taimakon maraya ya zama sai da iznin Abuja? Wannan magana ba abar rainawa ba ce, domin tana da tushe. Mafi yawan waɗanda suka gudo Yerwa ba sansani ne ya riƙe su ba. Gidajen talakawa ne a Gwange da Bolori da Bulumkutu da Shuwari suka buɗe musu ƙofa, mai ɗaki biyu ya ba da ɗaya, tukunyar mutum biyar ta ciyar da goma sha biyar. Bulama da lawan su ne suka san wanda ya zo da wanda ya rasa 'ya'yansa a hanya. Malaman tsangaya sun karɓi yaran da ba su san inda iyayensu suke ba. Lauyan nan Zannah Mustapha ya buɗe makarantarsa ta marayu a 2007, ya haɗa 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan waɗanda suka yi kisan a aji ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen a 2017. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya jira takardar jami'a. Duk dokar da za ta mai da su masu laifi, wallahi a yayyaga ta ya fi alheri.

Wannan tsoro ne ma ya sa dokar ta yi tuntuɓe a karon farko. A farkon 2018 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan shirin dokar da Majalisar Tarayya ta aika masa, dalilinsa kuwa shi ne ba a fayyace iyakar aikin da za a hana wa waɗanda ba 'yan rajista ba. A wannan gaɓa ya yi daidai. Amma maganin rashin iyaka shi ne a ja iyaka, iyakar kuwa ba ta da wuyar ja. Matar da ta ɗauki ɗan ƙanwarta da aka kashe ta haɗa da nata, zumunci take yi, hukuma ba ta da abin cewa sai godiya. Attajirin da ya fid da zakka ya raba wa zawarawa, ibada yake yi. To, amma mutumin da ake biya albashi, ko yake karɓar kuɗi da sunan raunana, ya kuma sami ikon raba yaro da danginsa, ko rubuta wa kotu rahoto, ko riƙe asirin marar lafiya, wannan sana'a yake yi, sana'a kuwa dole a san mai ita. Ai kakarka tana ba ka jiƙo in kana zazzaɓi, ba wanda ya kama ta, amma ranar da ta buɗe asibiti ta ɗauki wuƙar fiɗa, dole a tambaye ta inda ta koya. Waɗanda kuma ke cewa sunan addini ya isa shaida, su tuna da abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019: mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyaran hali ake yi musu. Kafin shekarar ta ƙare aka fasa irin waɗannan gidaje a Daura da Badun.

SARKI BIYU A GARI ƊAYA

Yanzu sai mu juyo kan waɗanda muka fi jin tsoro, su ne masu son mai da dokar saniyar tatsa. Ku ji abin mamaki. A watan Agustan 2022 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan dokar kafa wata Cibiyar Ƙwararru Masu Aikin Jin Daɗin Jama'a. Wata huɗu bayan haka, a Disamba, ya sa hannu a kan dokar Hukumar da muka ambata da farko. Sana'a ɗaya, majalisa ɗaya, shugaba ɗaya, shekara ɗaya, doka biyu! An yi shekara 47 babu ko ɗaya, da aka tashi sai aka haifi tagwaye, kowanne yana ganin shi ne ɗan fari. Ina 'yan majalisarmu na Arewa suke lokacin da ake karanta waɗannan takardu? Ba wanda ya ɗaga hannu ya ce ranka ya daɗe, ba mun riga mun yi irin wannan ba? Sa'an nan bayan an sa hannu, ƙungiyar ma'aikatan ta ɗauki dogon lokaci tana roƙon gwamnati ta naɗa waɗanda za su gudanar da Hukumar.

Illar wannan ga talaka a fili take. Yarinyar da ta gama difloma ta sami aiki da ƙyar a Maiduguri, wa za ta biya kuɗin rajista? In ta biya nan aka ce sai can fa? Wanda aka kore daga wannan rajista, me zai hana shi sayen takardar waccan? Kowa ya ga yadda cibiyoyin ƙwararru suka yi yawa a ƙasar nan kamar tumatir a kaka: a yi taron kwana biyu a otal, a karɓi kuɗi, a rataya wa mutum alkyabba da hula mai tunku, ya dawo da haruffa a bayan sunansa. In haka za a yi da aikin riƙon marayu, to an ƙara wa kura haƙori ne, domin a da mayaudari katin wuya kaɗai yake da shi, yanzu kuwa zai zo da takarda mai hatimin doka.

Akwai kuma wani tarko da ya shafe mu 'yan Arewa musamman. In aka ce digiri kaɗai ne ƙofar shiga, to an rufe ƙofa ga matan Barno da suka shafe shekara goma suna wannan aiki cikin sansanoni, suka koye shi da hannu da hawaye, sa'an nan a kawo musu shugaba daga nesa wanda bai iya ko gaisuwa da Barbarci ba. Ba ƙabilanci muke yi ba. Amma ta yaya mutum zai ji damuwar matar da ta fito daga dajin Sambisa da goyo, in sai ta bakin tafinta zai ji ta, tafintan kuwa wataƙila maƙwabcinta ne? Wadda za ta yi magana da Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Margi ko Babur ko Hausa, tana da hakkin a saurare ta da harshenta. A wannan sana'a harshe kayan aiki ne, kamar allura ga likita.

GWAMNATI DA ƘUNGIYOYIN AGAJI

Rashin tsari ya kuma jawo wata ɓarna, ita ce hukunta mai laifi da marar laifi tare. A Janairun 2017 Gwamna Shettima ya ce cikin ƙungiyoyin agaji 126 da ke Barno, takwas kaɗai ya ga suna aikin kirki. A Disamban 2018 soja suka dakatar da aikin UNICEF, suka janye kafin gari ya waye. A Satumban 2019 suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps, sai ƙarshen Oktoba aka buɗe. Kowane lokaci aka yi haka, bakin da ke jiran abinci shi ke shan wahala. Kada kuma mu manta cewa cikin ma'aikatan agajin nan akwai 'ya'yanmu da suka ba da ransu. Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, waɗanda aka sace a Rann a watan Maris na 2018 aka kuma kashe su cikin wannan shekara, ba su je can don neman suna ba. Da akwai rajista mai haƙori, da an kama ɓarawo da sunansa, an bar mai gaskiya ya yi aikinsa. Su ma ƙungiyoyin waje kada su ce dokokin hedkwatarsu na Turai sun wadatar. Wanda ya cuci yarinya a Yerwa, a Yerwa ya kamata ya amsa tambaya.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Gwamna Babagana Umara Zulum ya fara rufe sansanonin cikin Maiduguri tun 2021, har da na Bakassi, aka mai da mutane garuruwansu ko suka bazu cikin unguwanni. Bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021, dubban mayaƙa da matansu da 'ya'yansu suka miƙa wuya, ana so su zauna da mutanen da suka kashe wa iyaye. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya ci rabin gari, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa, dubban ɗaruruwan mutane suka sake zama 'yan gudun hijira. Daɗin daɗawa, a 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin agajinta ta rufe hukumarta ta USAID, ƙungiyoyi da dama suka rage ma'aikata. Baƙo raɓa ne, yau ko gobe zai tafi. In ya tafi, ma'aikacin gwamnatin jiha da na ƙaramar hukuma ne za su rage. Jihar Barno ta sa hannu a kan dokarta ta kare yara a watan Janairun 2022, shekara 19 bayan dokar tarayya ta 2003 wadda ta tanadi kotun iyali. Wa zai yi wa wannan kotu bincike, wa zai bi yaro gida ya ga yadda yake, in babu horarrun ma'aikata?

KU DA KE KURMI

Kada ɗayanku ya ce wannan matsalar Barebari ce. Mutanen Gwoza da Chibok da Bama suna nan tare da ku a Ikko, suna acaɓa da gadi da dako, wasu kuma suna sansanin Uhogua kusa da Binin. Sa'an nan babu wanda ya fi baƙo bukatar ma'aikaci mai amana. In motar hukuma ta kwashe almajirai da mabarata a titi, in ɗanka ya ɓace a kasuwa aka kai shi wani gidan marayu, in matarka ta haihu a asibiti aka riƙe ta saboda kuɗi, gaban wa za ka tsaya? Gaban wannan ma'aikaci ne, a garin da ba ka jin yarensa, ba ka da kawu a sakatariya. Kun tuna a watan Oktoban 2019 'yan sandan Kano suka gano yara tara da aka sace aka kai Anacha aka sayar, aka canza musu suna, har kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104 a 2021. Cinikin yara ba ya yiwuwa sai inda babu mai tambayar daga ina wannan yaro ya fito, wa ya sa hannu a takardarsa. Ranar da kowane gidan marayu, a Kudu ko a Arewa, ya zama dole ya ajiye ma'aikaci mai lambar rajista wanda zai amsa wannan tambaya da wuyansa, ranar kasuwar masu satar yara za ta fara mutuwa.

Saboda haka ga abin da muke nema, muna kuma kira ga wakilan jam'iyyarmu a majalisu su ɗauke shi da hannu biyu. Na farko, Majalisar Tarayya ta sake duba dokokin nan biyu na 2022, ta fayyace cewa rajista ɗaya ce tak ke ba mutum iznin aiki. Tsarin Mulkin 1999 ya sa tsara sana'o'in ƙwararru cikin ikonta ita kaɗai, don haka ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Na biyu, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa zumunci da sadaka da aikin bulama da lawan da limami ba su shiga cikin abin da ake nema wa lasin ba. Na uku, a buɗe ƙofa ga waɗanda suka daɗe suna aikin ba tare da digiri ba, a ba su horo a Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Ramat, a jarraba su, a ba su matsayin mataimaka mai hanyar ci gaba, kuma a lissafa iya harshen jama'a cikin abin da ake dubawa. Na huɗu, Hukumar ta zauna da ofis mai ikon sauraron ƙara a Maiduguri, inda bazawara daga Gwange za ta shiga da ƙafarta ta yi bayani da harshenta ba tare da lauya ba, a kuma buga sunayen waɗanda aka kora kowa ya gani. Na biyar, kuɗin rajista ya kasance daidai da albashin ƙaramin ma'aikaci. Na shida, Gwamnatin Barno da Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda aka kafa da dokar 2017 kuma hedkwatarta ke Maiduguri, su ware kuɗin ɗaukar ma'aikata a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 27 na jihar. Gina gida dubu abu ne mai kyau, amma bulo ba ya sauraron kukan yaro.

Ku ma akwai naku. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su nemi sanin jami'in jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar da suke zaune tun kafin wata matsala ta taso. In wani ya zo muku da takardar neman taimakon marayun Barno, ku tambaye shi wace hukuma ta san shi kafin ku sa hannu a aljihu. Mai ɗa ko 'ya da ta gama sakandare, ya sani wannan karatu ne mai daraja, kada mu bar wa wasu sa'an nan mu zo muna kukan ba a jin yarenmu. 'Yan majalisar da za su zo zango neman ƙuri'a kuwa, ku tambaye su inda suka tsaya a kan wannan magana, ku ga ko sun ma san da ita.

Marayun Yerwa ba su zaɓi abin da ya same su ba. Yaron da aka kashe ubansa a 2014 yana goye, yau ya kai shekarun da zai fara tambayar wa ya tsaya masa, wa kuma ya ci da sunansa. Ƙasar da ta iya tsare saniya daga likitan ƙarya tun 1969 ba ta da hujjar da za ta ba shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu ƙarfin tambayarsu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.